Yadda ake karatun nesa a bakin ramin tassa

A tungayen arewacin Adar, wajen Afala, Barmu da Takanamat, akwai yaran da lakwal ta yi musu nisa. Sai ka tarar da ɗan shekara 7 da 'yar shekara 15 a gida ɗaya, malami kuwa yana Tawa. Darasi ɗaya ba zai ishe su ba, amma aiki ɗaya zai iya. Ga yadda ake yi da tassa, ramukan tara ruwan da manoman Illela suka gano a Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka farfaɗo da fako da su.

Da farko, a watan Afrilu, malami ya nemi babba guda mai waya a tungar, uwa ko kaka, tunda maza da yawa sun tafi ci-rani. Duk mako ya turo saƙon murya da Hausa, gajere, mai tambaya ɗaya tak. Inda babu intanet, kira ya wadatar.

Na biyu, a nemi fako, a auna fili biyu da igiya, kowanne mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Ɗaya za a haƙa, ɗaya a bar shi yadda yake don gwaji.

Na uku shi ne rabon aiki, kuma nan gizo ke saƙar. Manya su haƙa rami, faɗi kamar taƙi ɗaya, zurfi santimita 20, su tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa. Ƙanana su zuba taki cikin tafi biyu, suna ƙirga ramuka da tsakuwa. Matsakaita su yi lissafi: in tazara mita ɗaya ce, layi 10 sau rami 10, ɗari ke nan. Manyan su kai shi hekta: ramuka 10,000. Su kuma tambayi kaka abin da ya sa gara ke bin taki, da yadda hanyoyinta ke shigar da ruwa cikin ƙasa.

Na huɗu, da damina ta sauka, a shuka hatsi a filayen biyu. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a sarari. Bayan kowane ruwa, yaro ya tsoma tsinke, ya auna jiƙar, ya rubuta a kaye. Ƙaramin ya zana tsiro, babbar ta rubuta bayani da Faransanci, a ɗauki hoto a tura wa malami ya gyara.

A watan Oktoba, a sussuke amfanin kowane fili daban, a auna da tiya a gaban mutanen tunga. Yaran ne za su faɗi bambancin, su faɗi dalili. Malami ya saurara ta waya, ya ba kowa maki gwargwadon shekarunsa. Hatsin kuwa na kunun gida ne.