Bayan zaɓe a Gaya

Garinmu Gaya yana bakin kogin Kwara. In ka ƙetare gada, sai Malanbil a ƙasar Benin.

Ran 21 ga Fabrairu 2021 aka yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Baba ya zaɓi Mahaman Usman, Kawu ya zaɓi Bazum Mohamed. Da aka ce Bazum ya ci, sai rikici ya tashi a Yamai. A gidanmu ma Baba da Kawu suka daina gaisawa.

To, injin ban ruwa ɗaya gare su, a gonar shinkafa. Kowa ya ƙi zuwa, don kada ya gamu da ɗan'uwansa. Shinkafa ta fara bushewa.

Kaka ta kira su, ta ce: «Ƴaƴana, ƙuri'a ta kwana ɗaya ce, zumunci na har abada ne. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Shinkafa ba ta san jam'iyya ba, ruwa ta sani.»

Baba ya sunkuyar da kai. Kawu ya ce: «Yaya, ka gafarce ni.» Da asuba, bayan salla, suka ɗauki injin tare. Shinkafa ta farfaɗo.

Tambayoyi
1. Me ya raba Baba da Kawu?
2. Don me shinkafa ta fara bushewa?
3. In abokinka ya zaɓi abin da ba ka so, yaya za ka yi?