Kimba da Mazauninta: Abin da Ke Sa Wata Ta Fi Wata Ƙamshi

Da wuya a shiga kasuwa a ƙasar Hausa a rasa kimba wurin 'yan koli, tare da citta da masoro da kanumfari. Da ita ake haɗa yaji, ana sa ta cikin kunun mai jego da farfesu da shayi, masu maganin gargajiya kuma suna ba da ita saboda tari. Yarabawa suna kiranta eru, Ibo kuwa uda. A ƙasar Senegal ana niƙa ta tare da gahawa a yi abin shan nan da ake kira Café Touba. Amma duk wanda ya saba sayenta ya san ba duk kimba ce ɗaya ba. Wata mai kauri ce, da an ɓalla ta ƙamshi ya gauraye ɗaki. Wata kuwa siririya ce, sai an zuba da yawa kafin a ji ta. Wannan darasi zai bayyana inda bambancin yake fitowa, da amfanin saninsa ga manomi da ɗan kasuwa.

Bishiyar da inda take fitowa

Kimba 'ya'yan wata doguwar bishiya ce wadda masana suke kira Xylopia aethiopica. Dangin gwandar daji ce, ko da yake ba su yi kama ba a ido. Ba ta kakkaɓe ganye da rani, kuma a cikin kurmi takan kai tsawon mita 20 ko fiye. 'Ya'yanta suna fitowa curi-curi kamar yatsun hannu, kowane kwanso da 'yan ƙwayoyi a jere cikinsa. A kwanson nan ne ƙamshi ya fi yawa, ƙwayar kuwa ɗaci gare ta.

Ana samun bishiyar tun daga Senegal har Sudan, ta gangara kudu zuwa Angola da Mozambik. A Nijeriya gidanta shi ne kurmin kudu, amma takan biyo bakin rafuka ta shigo tsakiyar ƙasa, inda kurmi yake ratsa dajin ciyawa kamar ɗamara. Dalili kuwa shi ne ruwa. Kalaba takan sami ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, Sakkwato kuwa galibi ba ta kai 800 ba. Saboda haka kimbar da ake ci a Arewa fatake ne suke kawo ta daga Kudu, kamar yadda suke kawo goro.

Yadda wuri yake canja siffa

Bishiya ba ta iya ƙaura, don haka tilas ta daidaita jikinta da inda ta sami kanta. Abubuwa uku ne suka fi taɓa ta.

Na farko shi ne haske. Wadda ta tsiro a tsakiyar kurmi tana tsere da maƙwabtanta wajen neman rana, sai ta miƙe sak, ba ta yin rassa sai can sama. Ganyen da ke inuwa yakan yi faɗi, ba kauri, domin ya tari ɗan hasken da ke ratsowa. Wadda aka bari a gona bayan an share daji kuwa ba ta da abokin tsere, sai ta yi rassa tun daga ƙasa, kanta ya bazu, ganyenta ya fi ƙanƙanta da kauri. Bishiyar da rana ke samu sosai ta fi yin fure, kuma ta fi sauƙin tsinka.

Na biyu shi ne ruwa. A wuri mai dausayi, inda ƙasa ba ta da ƙarfin riƙe babban itace, kimba takan fitar da saiwoyi daga jikin kututture su gangara su tokare ta. A inda rani yake da tsawo kuwa girma yakan tsaya na 'yan watanni, idan kuma ƙarancin ruwa ya zo daidai da lokacin da 'ya'ya suke cika, sai su fito ƙanana.

Na uku shi ne ƙasa: zurfinta, da takinta, da ko tana riƙe ruwa ko tana tsiyaye shi. Bishiyoyi biyu da tsakaninsu bai wuce tafiyar minti goma ba suna iya shan bamban, don ɗaya tana kan tudu mai tsakuwa, ɗaya kuma tana bakin fadama.

Daga ina ƙamshi yake zuwa?

Cikin kwanson kimba akwai wani mai wanda yake saurin bin iska, shi ne hanci yake ji. Bishiyar tana yin sa ne domin ya taimaka mata wajen kare kanta daga ƙwari da ruɓa. Wannan mai kuwa ba abu ɗaya ba ne, gauraye ne na sinadarai masu yawa. Ɗaya daga cikinsu ana ce masa siniyol, shi ne mai warin ganyen bishiyar turare. Masana sun tatsi man kimbar ƙasashe dabam-dabam, irin su Nijeriya da Kamaru da Ghana da Binin, suka tarar sinadaran kusan iri ɗaya ne, amma yawan kowanne cikin gaurayen ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Watau kamar mata biyu ne suka daka yaji da kayan haɗi iri ɗaya, amma kowace da nata awo.

Gado ne ko mazauni?

A nan ne ya kamata a yi hattara. Idan aka ga kimbar wani gari ta fi ta wani, akwai dalilai biyu da za su iya jawo haka. Wataƙila wurin ne ya fi kyau, in ko haka ne, idan aka kai irin wani wuri ba zai ba da abin da ya bayar a gida ba. Wataƙila kuma halin yana cikin irin ne, domin bishiyoyin da suka daɗe a wuri ɗaya, waɗanda suka dace da wurin su ne suke rayuwa su bar baya, har halin ya zama gado. A wannan hali, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ido kaɗai ba ya raba waɗannan biyu, sai da gwaji. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Göte Turesson, ya tattaro tsirrai jinsi ɗaya daga bakin teku da cikin daji da wasu wurare, ya dasa su a lambu ɗaya. A 1922 ya bayyana cewa wasu bambance-bambancen sun ɓace da aka haɗa tsirran a ƙasa ɗaya, wasu kuwa sun zauna daram. Wanda ya ɓace na mazauni ne, wanda ya zauna na gado ne. Har wa yau da wannan dabara ma'aikatan gandun daji suke gwada irin itatuwa kafin su ba jama'a shawarar wanda za su dasa.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ke hannun mutum. Kimbar da aka tsinka tun ba ta ƙosa ba, ko aka tara ta da laima ta yi fumfuna, ko ta shekara a buɗe cikin zafi, ƙamshinta zai ragu ko daga wace bishiya ta fito. Wadda aka busar da hayaƙi kuma ɗanɗanonta dabam da na wadda aka shanya a rana.

Abin koyo daga kirfa da kanumfari

A ƙasar Siri Lanka an daɗe da sanin cewa kirfar da ta fi daraja ita ce wadda ta fito a farin rairayi na yankin Negombo, domin ɓawonta ya fi laushi da daɗin ƙamshi. Ashe ke nan ƙasar da ta fi taki ba lalle ba ne ta fi ba da kaya mai kyau.

Kanumfari kuwa asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonisiya. A 1770 wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka fitar da irinsa zuwa tsibirin Morishas, daga wannan yanki kuma ya isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Ya karɓu a yammacin tsibirin, inda ƙasa take da zurfi, ya ƙi gabas mai duwatsu. Da guguwar 1872 ta karya mafi yawan itatuwan Zanzibar, sai noman ya fi ƙarfi a Pemba, mai tuddai da yawan ruwa. Iri ɗaya ne, wuri ne ya raba.

Abin da ya kamata a yi

Yawancin kimbar da ke kasuwa daga daji ake tsinko ta, ko daga itatuwan da aka bari a gonaki. Kurmi kuwa kullum raguwa yake yi saboda sara da noma. Duk kurmin da aka share, an yi hasarar irin da ya saba da wannan wuri, kuma ba a iya dawo da shi. Don haka:

1. Mai share gona ya bar bishiyar kimba a tsaye, musamman ta bakin rafi. Kada a sare ta don a sami 'ya'yanta.
2. Mai neman iri ya samo shi daga wurin da ruwansa da ƙasarsa suka yi kama da nasa.
3. A ɗebi iri daga bishiyoyi da yawa masu nisa da juna, ba daga guda ɗaya ba ko da ta fi kowace kyau, domin idan cuta ta zo kada ta tarar da su duk hali ɗaya.
4. A bari 'ya'ya su ƙosa kafin a tsinka, a busar da su sarai, a adana a wuri mai sanyi marar laima.
5. Ɗan kasuwa ya riƙa tambayar garin da kaya ya fito, kada ya gauraya mai kyau da marar kyau. Idan mai kyau ya sami kuɗinsa, masu bishiya za su kula da ita.

Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na yankinsa.

Tambayoyi

1. Me ya sa kimbar cikin kurmi ta fi ta gona tsawo?
2. Ta yaya ake gane halin gado daga halin mazauni?
3. Don me ba a so a ɗebi iri daga bishiya ɗaya kaɗai?