Yadda Ake Sa Wa Hanyar Sadarwar Ofis Ido da Suricata da Zeek

Ofishin da ke da kwamfuta talatin ko arba'in, da firinta, da kyamarorin tsaro, da wayoyin ma'aikata da ke hawa wayfai, ba sai ya kashe maƙudan kuɗi ba kafin ya san abin da ke shiga da fita a hanyar sadarwarsa. Akwai manhajoji na kyauta da aka buɗe tushensu, kowa na iya saukewa ya duba cikinsu. Snort ne tsohon hannu, Martin Roesch ya rubuta shi a 1998, yanzu kuma yana hannun Cisco tun da ta sayi Sourcefire a 2013. Suricata ya fito a 2010 daga gidauniyar OISF. Zeek ya girme su duka: Vern Paxson ya fara shi a 1995 a ɗakin binciken Lawrence Berkeley da ke Amurka da sunan Bro, sai 2018 aka canja masa suna. A nan Suricata da Zeek za mu haɗa, domin aikinsu daban. Suricata maigadi ne mai riƙe da hotunan ɓarayin da aka sani, da ya ga mai kama da su sai ya yi ihu. Zeek kuwa akawun bakin ƙofa ne, ba ruwansa da ihu, duk wanda ya wuce sai ya rubuta sunansa da lokacinsa.

Kafin ka taɓa ko waya ɗaya, karɓi izinin mai ofishin a rubuce, a kuma sanar da ma'aikata. Na'urar da za ka kafa za ta ga shafukan da kowa ke ziyarta, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Daga nan sai ka ɗauki takarda ka zagaya: wace kwamfuta ce ta akanta, wace ce ke riƙe da fayilolin kowa, wane adireshi kyamarori ke amfani da shi. Aikin na da gajiyarwa, mutane da yawa suna tsallake shi, amma wanda bai san kayan gidansa ba ba zai gane baƙo ba.

Mataki na gaba shi ne mafi nauyi, wato inda za ka ajiye na'urar. Suricata ba ya ganin abin da bai bi ta gabansa ba. A swic na zamani, saƙon da ke tsakanin kwamfuta biyu ba ya isa ga ta uku, don haka idan ka cusa kebul a kowane rami kawai, kusan ba abin da za ka gani. Kana bukatar swic mai karɓar saiti, ka umarce shi ya riƙa kwafe duk abin da ke bi ta ramin da ke zuwa rauta, ya zuba a wani ramin da ka ware. Kamfanin Cisco na kiran wannan SPAN. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake kira TAP, wadda ake sakawa a tsakiyar kebul ta riƙa ba ka kwafi; ta fi aminci, domin swic idan aiki ya yi masa yawa, kwafin yake fara zubarwa.

Kula da wane gefen rauta ka tsaya. Idan ka kwafo daga waje, ɓangaren da ke fuskantar intanet, duk kwamfutocin ofis za su bayyana da adireshi guda, domin rauta na ɓoye adiresoshin cikin gida a bayan nasa. Za ka san cewa wata kwamfuta tana magana da sabar masu kutse, amma ba za ka san wacce ba. Tsaya daga ciki.

Ita na'urar ba sai sabuwa ba. Tsohuwar kwamfutar tebur mai Ubuntu ko Debian ta isa ƙaramin ofis, muddin tana da ramin kebul biyu: ɗaya na sauraro, wanda ba za a ba shi adireshi ba sam, ɗaya kuma naka na shiga ka duba. Ka ba ta babban faifan ajiya, ka daidaita agogonta da na intanet, ka kuma ɗora ta a kan inbata ko batirin ko-ta-kwana tare da swic ɗin. In an ɗauke wuta ta mutu, duk abin da ya faru kafin a ta da janareto ya wuce ba shaida.

Saka Suricata kansa aikin mintuna ne. Bayan ya sauka, buɗe fayil ɗin suricata.yaml ka gyara abu biyu: sunan ramin sauraro, da layin HOME_NET, inda za ka rubuta zangon adiresoshin ofishinka, misali 192.168.1.0/24. Yawancin ƙa'idojin Suricata, wato hotunan ɓarayin da yake riƙe da su, an gina su ne a kan bambancin gida da waje, saboda haka kuskure a wannan layin na sa su yi shiru inda ya kamata su yi magana. Sai ka buga suricata-update, ya sauko da tarin ƙa'idojin Emerging Threats na kyauta, dubun dubatansu, ka kuma saita shi ya riƙa sabunta su kullum. Gwada shi kafin ka yarda da shi. Daga wata kwamfutar ofis, buɗe shafin gwaji na testmynids.org, wanda ke mayar da rubutu irin na sabar da aka riga aka mamaye. Idan komai daidai ne, faɗakarwa za ta bayyana a fast.log da eve.json. Idan shiru, koma kan swic, matsalar galibi tana can. Leƙa stats.log ma ka ga ko na'urar na zubar da saƙonni saboda nauyi.

Zeek sai ya hau wannan ramin na sauraro. Zai riƙa cika conn.log da kowace haɗuwa, wa ya kira wa, tsawon wane lokaci, bayanai nawa suka wuce, dns.log da sunayen da aka nema, ssl.log da bayanan haɗuwar da aka kulle. Amfaninsa na fitowa ran da Suricata ya yi ƙara a kan wata kwamfuta, kai kuma kana son sanin abin da ta yi jiya da shekaranjiya. Wanda ba ya son haɗa su da hannu yana iya ɗaukar Security Onion, da Doug Burks ya fara a 2008, wanda ya zo da su biyun da allon bincike, sai dai yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai.

Makonnin farko za su cika da hayaniya. Manhajar sabunta Windows, wayar wani da ke neman shafin talla, firintar da ke kiran kowa, duk za su jawo faɗakarwa. Kada ka kashe su gaba ɗaya don ka huta. Ɗauki wadda ta fi yawan fitowa, bi ta a rajistar Zeek, duba takardar da ka rubuta da farko, ka tabbatar da dalilinta. In ba ta shafe ka ba ko kaɗan, saka lambarta a disable.conf. In kuwa na'ura ɗaya ce kawai ke jawo ta bisa aikinta na halal, toshe ta ga wannan adireshin kaɗai a threshold.config, ka bar ta tana aiki ga saura. Rubuta dalilin kowace, domin wanda zai gaje ka. A ganina nan ne ainihin aikin yake: burin shi ne a kai matsayin da faɗakarwar yini guda mutum ɗaya zai iya karantawa kafin ya gama shan shayi. Kamfanin Target na Amurka, da aka sace masa bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 a 2013, na'urorinsa sun yi ƙara, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba.

Akwai iyaka. Mafi yawan zirga-zirgar intanet yanzu a kulle take, Suricata ba ya karanta cikinta, sai dai sunan shafi, girman saƙo da yawan kai-komo. Ko wannan ma na tona asiri: kwamfutar da ke kiran adireshi guda kowane minti biyar, dare da rana, abar tuhuma ce. Abin da ke faruwa a cikin kwamfutar kanta kuwa, kamar sabon asusun da aka buɗe da tsakar dare ko fayil ɗin da aka sauya, Suricata ba ya ganinsa, sai ka sa Wazuh, wanda ya samo asali daga OSSEC, a kan sabobi da kwamfutar akanta.

Suricata na iya tsayawa a tsakiyar hanya ya riƙa tare saƙo da kansa maimakon ihu kawai. Kada ka yi gaggawar kunna wannan. Ƙa'ida ɗaya mai kuskure na iya yanke ofis daga banki ranar biyan albashi. Bari sai hayaniyar ta lafa, sannan ka fara da 'yan ƙa'idojin da ba su taɓa yi maka ƙarya ba, kamar masu gano adiresoshin sabobin da masu kutse ke juya kwamfutocin da suka kama.