Tokamak: Me Ya Sa Ƙasa Ɗaya Ba Ta Iya Aikin Ita Kaɗai?

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen lantarki da kanikanci, ga darasin da ba ya cikin manhajarmu amma ya kamata mu san shi. Tashoshin nukiliya na yau fasa ƙwayar zarra mai nauyi suke yi. Akwai wata hanya, irin wadda rana ke bi: a haɗe ƙwayoyi marasa nauyi, wato diyuteriyam da tiritiyam, dangin haidirojin, sai zafi mai yawa ya fito. Na'urar da aka fi gwada wannan a cikinta ita ce tokamak, wadda masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙirƙiro a shekarun 1950.

Siffarta kamar tayar mota. A ciki ana dafa iskar gas har zafinta ya kai digiri miliyan 150, ta zama abin da ake kira filazma. To wane ƙarfe ne zai jure wannan? Babu. Shi ya sa ake riƙe ta da ƙarfin maganaɗisu a tsakiya, kada ta taɓa bango.

Ta fuskar tsaro, man da ke ciki a lokaci guda 'yan giram ne kawai, kuma da an sami matsala filazmar ta huce, aikin ya tsaya. Ba ta ƙwacewa irin ta Chernobyl. Sai dai fa tiritiyam na fitar da tururin nukiliya, dole a killace shi.

Babban haɗarin kan na'urar kanta yake. Wani lokaci filazma kan wargaje cikin ƙiftawar ido. A ITER, ƙatuwar tokamak da ake ginawa a Cadarache ta kudancin Faransa, lantarkin da zai ratsa filazmar amfiya miliyan 15 ne. Ka tuna injin walda na bakin titi, da amfiya ɗari ko ɗari biyu yake narka ƙarfe. In wannan ƙarfin ya faɗa wa bango wuri ɗaya, ɓarnar ba ƙarama ba ce, kuma ITER ta yi tsadar da ba za a koyi darasi da lalata ta ba.

Nan ne haɗin gwiwa ya shigo. Maganin da aka zaɓa shi ne a harba dunƙulen ƙanƙarar gas, a farfasa shi kafin ya shiga, ya sanyaya filazmar, zafin ya bazu ko'ina maimakon wuri guda. An gwada dabarar a DIII-D ta Amurka, da JET ta Ingila, da KSTAR ta Koriya ta Kudu, da ASDEX Upgrade ta Jamus. Kowacce girmanta daban, ka ga in sakamakon ya dace a dukkansu, an sami hujjar hasashen abin da zai faru a babba. Girman ITER ma da irin wannan tara alƙaluman aka lissafa shi. A ganina wannan ya fi labarin kafa tarihi muhimmanci, ko da yake shi jaridu suka fi so.

Tarihin ma akwai. JET ta fitar da megajul 69 a cikin kimanin daƙiƙa 5 a 2023, kafin a rufe ta. WEST ta Faransa ta riƙe filazma sama da minti 22 a Fabrairun 2025. Burin ITER shi ne a sa megawat 50 na ɗumamawa a sami 500 na zafi, ba za ta ba da wutar gida ba. Sabon jadawalin 2024 ya tura gwaji da tiritiyam zuwa 2039.