Wa Zai Biya Kuɗin Magani? Gudummawar Ilmin Halittu ga Wata Tsohuwar Muhawara

Gabatarwa

Da wuya a yi gasar muhawara tsakanin makarantun sakandare ba a jefo wannan tambaya ba: gwamnati ce ya kamata ta ɗauki nauyin lafiyar jama'a da kuɗin haraji, ko kuwa kowa ya biya wa kansa? A majalisun dokoki na ƙasashe da yawa ma ana wannan ja-in-ja, har a kan haɗa da batun baƙi, wato ko suna da haƙƙin shan magani da harajin 'yan ƙasa. Akasari masana tattalin arziki da 'yan siyasa ake bar wa fagen. Amma akwai ɓangaren tambayar da amsarsa ke cikin darasin ƙwayoyin cuta da ɗalibai ke koya a aji.

Tafarki Biyu

A ranar 5 ga Yuli 1948 Birtaniya ta buɗe hukumar lafiya ta ƙasa da ake kira NHS, a ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan. Ƙa'idarta ita ce a tara kuɗi ta hanyar haraji, majinyaci ya ga likita ba tare da an miƙa masa takardar biya ba. Masu suka na cewa tsarin yana cin haraji mai yawa, kuma mutum kan yi watanni yana jiran layin tiyata.

Amurka ta bi wani tafarki dabam. Yawancin ma'aikata suna samun inshorar lafiya ta hannun kamfanonin da suke yi wa aiki, gwamnati kuma tun 1965 tana biya wa tsofaffi da wasu talakawa. Magoya bayan wannan tsari na cewa gasa tana kawo sauri da sababbin magunguna. Masu sukarsa kuwa na nuni da miliyoyin mutanen da ba su da inshora ko kaɗan. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye.

Cuta Iri Biyu Ce

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a raba cututtuka gida biyu. Akwai waɗanda ke tsayawa a jikin mai su, kamar hawan jini, ciwon sukari da karayar ƙashi. Idan mutum ya kasa biyan kuɗin ɗori, shi da iyalinsa ne za su wahala, amma ƙafar maƙwabcinsa lafiya lau take. Akwai kuma masu yaɗuwa, kamar ƙyanda, tarin fuka, sanƙarau da shan inna. A nan, rashin kuɗin mutum ɗaya yana iya zama sanadin ciwon unguwa guda, domin ƙwayar cutar da ta hayayyafa a huhunsa tana fita da tari ta nemi wani huhun.

Lissafin Garkuwar Jama'a

Masana suna auna ƙarfin yaɗuwar cuta da adadin mutanen da majinyaci ɗaya zai iya harba a inda babu mai rigakafi. Ga ƙyanda, adadin yana tsakanin 12 da 18. A ɗauki 15 don sauƙin lissafi. Yaro ɗaya ya harbi 15, kowane daga cikinsu ya harbi wasu 15, sun zama 225. A zagaye na uku an kai 3,375. Annoba ke nan.

To, a ce 14 daga cikin waɗancan 15 an yi musu allura. Cutar za ta sami mutum ɗaya tak, shi ma ya ba ɗaya, ba ta ƙaruwa. Idan aka ɗara haka kaɗan, sai ta mutu da kanta. Goma sha huɗu cikin goma sha biyar kashi 93 ne cikin 100, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke neman a yi wa kashi 95 cikin 100 na yara allurar ƙyanda sau biyu. Wannan shi ne garkuwar jama'a: waɗanda aka yi wa allura sun zama katanga ga waɗanda ba a iya yi wa, kamar jaririn da bai kai wata tara ba, ko majinyacin da garkuwar jikinsa ta raunana.

Yanzu a shigo da maganar kuɗi. Idan allurar ta zama ta sayarwa, kuma gida ɗaya cikin kowane biyar ya kasa saya, ɗari ta koma tamanin, katanga ta ɓule. Jaririn attajirin da bai isa allura ba yana cikin haɗari ɗaya da na talaka.

Amurka ta ga haka da idonta. Tsakanin 1989 da 1991 ƙyanda ta kama mutum kusan 55,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 120, kuma ta fi ɓarna ga ƙananan yaran unguwannin talakawa da ba a yi wa allura ba. A 1993 majalisar ƙasar ta yi dokar da gwamnati ke sayen alluran rigakafi ta ba 'ya'yan marasa hali kyauta. Ƙasar da ta fi kowa amincewa da kasuwa ta cire rigakafin waɗannan yara daga hannun kasuwa.

Haɗarin Rabin Magani

Tarin fuka yana koyar da darasi na biyu. Maganinsa na wata shida ne: magunguna huɗu na wata biyu, sannan biyu na wata huɗu. Bayan 'yan makonni majinyaci kan ji sauƙi, domin ƙwayoyin da ba su da ƙarfi sun mutu. Idan kuɗi ya yanke masa, yana sha yau ya bari gobe, ko ya sayi magani ɗaya ya bar sauran, ƙwayoyin da suka fi jurewa ne ke saura, su hayayyafa. Haka ake samun tarin da ba ya jin isoniazid da rifampicin, manyan magungunan nan biyu, kuma duk wanda ya ɗauka daga gare shi irin mai taurin kan zai ɗauka.

Birnin New York ya rage kuɗin yaƙi da tarin fuka a shekarun 1970. Daga 1978 zuwa 1992 masu cutar suka kusa ninkawa uku, irin da ba ya jin magani ya bazu a asibitoci da gidajen yari. An ƙiyasta cewa gyaran ɓarnar ya ci fiye da dala biliyan ɗaya. Cikin abubuwan da suka shawo kanta har da tura ma'aikata su tsaya a kan majinyaci ya haɗiye magani a gabansu. Saboda wannan dalili ne ake ba da maganin tarin fuka kyauta a cibiyoyin da aka keɓe a Nijeriya.

Baƙo da Ɗan Ƙasa

Ƙwayar cuta ba ta duba fasfo. Tun 2015 Birtaniya ke karɓar kuɗin lafiya daga baƙin da ke neman izinin zama na fiye da wata shida. Duk da haka, a Ingila gwaji da maganin tarin fuka, ƙyanda da kwalara kyauta ne ga kowa, har da wanda ba shi da takardu. Dalilin a fili yake: baƙon da ya ɓuya da tari don tsoron kuɗi, mota ɗaya yake shiga da 'yan ƙasa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Haka nan, lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohin arewa a 2003, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan, Yaman da Indonesiya. Da aka koma aiki tare da sarakuna da malamai, sai aka wayi gari a 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna mai yawo a gari.

Inda Lissafin Ya Tsaya

Wannan bayani bai kashe muhawarar baki ɗaya ba. Ilmin halittu ba zai faɗi yawan harajin da ya dace ba, ko wa zai biya kuɗin wankin ƙoda. Waɗannan tambayoyi ne na adalci da tausayi da ƙarfin aljihun ƙasa. Bai kuma ce asibitin kuɗi ba shi da amfani ba. A Yuli 2014, a wani asibiti mai zaman kansa a Legas ne Dokta Stella Adadevoh ta hana matafiyin da ya shigo da Ebola daga Laberiya fita cikin gari, ita ma ta rasa ranta. Amma bin sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar aikin hukuma ne, da kuɗin jama'a. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, aka kuma tabbatar da ƙarshen annobar a Nijeriya a watan Oktoba.

Saboda haka ɗalibin da zai hau dandalin muhawara, ko wane ɓangare aka ba shi, ya fara tambaya: wace irin cuta ake magana a kai? In mai yaɗuwa ce, harajin da mutum ya biya aka yi wa ɗan maƙwabci allura, ɗansa ya kare da shi.

Tambayoyi Don Nazari a Aji

1. Idan majinyaci ɗaya yana harbin mutum 5, kashi nawa cikin 100 za a yi wa rigakafi kafin cutar ta daina ƙaruwa?
2. Bayyana yadda katse shan magani ke haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani.
3. Kawo cututtuka uku masu yaɗuwa da uku marasa yaɗuwa a yankinku, sannan a tattauna wanda ya kamata ya biya kuɗin maganin kowacce.