Nazari: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Sayar da Suna Don Ɗaukar Nauyin Wasanni

A takardun Jami'ar Michigan da ke ƙasar Amurka, ba a kiran babban mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da sunan muƙaminsa kaɗai. Sai an haɗa da sunan iyalan J. Ira da Nicki Harris, waɗanda suka bayar da gudummawar dala miliyan 10 a shekarar 2014. Ko wane ne aka naɗa, kujerar tana nan da sunansu.

Tsarin ya yi kama da waƙafi. Mai bayarwa yakan miƙa kuɗi masu yawa, jami'a ta zuba su a hannun jari, ba ta taɓa uwar kuɗin ba, tana cire kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 a kowace shekara domin biyan albashi. An daɗe ana yin haka ga kujerun farfesoshi kafin al'adar ta shiga fagen wasanni. Jami'ar Stanford ta yi fice a wannan harka: a shekarar 2012 wani mai bayarwa da ya ɓoye kansa ya ɗauki nauyin kujerar mataimakin mai horarwa, aka sa mata sunan ɗan wasa Andrew Luck. Ita ma Jami'ar Notre Dame ta sa sunan Dick Corbett a kujerar babban mai horarwarta a shekarar 2015.

Sai dai lissafin na da abin lura. Dala miliyan 10 ba za ta haifar da fiye da dala 400,000 zuwa 500,000 a shekara ba, alhali Jim Harbaugh, wanda Michigan ta ɗauka a ƙarshen 2014, albashinsa ya kai dala miliyan 5. Wato ribar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na albashin ba, amma sunan ya mamaye kujerar baki ɗaya. Amfanin da jami'a ke samu shi ne kuɗin shiga tabbatacce, ko ƙungiya ta ci wasa ko an cinye ta.

Hanya ta biyu ita ce sayar wa kamfanoni damar raɗa wa filin wasa suna, kuma a nan ne Jami'ar Syracuse ta koyi darasi mai tsada. Kamfanin Carrier, mai ƙera na'urorin sanyaya ɗaki, ya bayar da dala miliyan 2.75 aka sa sunansa a rufaffen filin da aka buɗe a 1980, ba tare da an yanke wa yarjejeniyar wa'adi ba. Abin mamaki, filin ya shafe kusan shekaru 40 babu na'urar sanyaya iska a cikinsa. Sunan ya zauna shekaru 42, wanda idan aka raba kuɗin, ya kama kimanin dala 65,000 kacal a shekara. Sai a 2022 jami'ar ta samu ta warware ƙullin, ta ƙulla sabuwar yarjejeniya ta shekaru 10 da kamfanin JMA Wireless. Idan aka kwatanta da Jami'ar Kentucky, wadda a 2017 ta ba kamfanin Kroger hayar sunan filinta na shekaru 12 a kan dala miliyan 1.85 duk shekara, za a ga cewa wanda ya sayar da suna har abada ya sayar da araha. Shi ya sa jami'o'i suka fi karkata ga haya mai wa'adi.

Bayan haka akwai batun mutunci, domin jami'ar da ta ɗauki sunan wani ta ɗauki halinsa. A 2013 Jami'ar Florida Atlantic ta amince da dala miliyan 6 daga GEO Group, kamfanin da ke gudanar da gidajen yari masu zaman kansu. Ɗalibai suka yi zanga-zanga, kamfanin ya janye tayinsa. A 2018 Jami'ar Louisville ta cire sunan Papa John's daga filinta bayan da wanda ya kafa kamfanin, John Schnatter, ya furta kalmar wariyar launin fata. A birnin Los Angeles kuma, shirin sauya sunan filin Memorial Coliseum domin kamfanin jiragen sama na United ya ci karo da adawar tsofaffin sojoji, kasancewar an gina shi ne domin tunawa da mayaƙan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 2019 aka sasanta: ginin ya riƙe sunansa, kamfanin ya samu sunan dandalin wasa kawai.

Duk da haka buƙatar kuɗin sai ƙaruwa take yi. A watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, nauyin da a baya ba ya cikin kasafin kuɗinsu.