Yadda ɗan Zabori zai yi zangon koyon Sifaniyanci a Meziko

Duk wanda ya taɓa kurɓar zoɓo mai sanyi da rana tsaka a kasuwar Gaya ya riga ya ɗanɗana abin da zai tarar a rumfunan abincin Meziko. Can sunansa agua de jamaica, kuma busasshen zoɓon arewacin Najeriya na cikin wanda suke saye. Masarar da muke gasawa da damina ma a ƙasarsu aka fara noma ta. Saboda haka ƙanena, kai da ke jami'a a Dosso ko Yamai, kada nisan wurin ya karya maka gwiwa.

Fara tun kana gida. Faransancin da ka sha wahalarsa a lakwal jari ne babba, domin shi da Sifaniyanci duk daga Latin suka fito. Ka ware wata shida kana sauraron rediyon Meziko a waya, kana maimaita gaisuwa, ƙirga da cinikin kasuwa da babbar murya. Wanda ya sauka bai iya tambayar farashi ba, rabin zangonsa a kurumta zai ƙare.

Sai zaɓen makaranta. Jami'ar UNAM tana da cibiyar koyar da baƙi mai suna CEPE, wadda asalinta ya koma 1921, da mazauni a babban birni da reshe a Taxco, garin maƙeran azurfa. Ni Taxco zan zaɓar maka: ƙaramin gari ne, mai shago zai riƙe fuskarka, gobe ya tsayar da kai hira. Kafin ka biya ko dala, ka sa shugaban sashenku ya rubuta cewa za a lissafa maka wannan zangon in ka dawo. Ka kuma leƙa sanarwar AMEXCID, hukumar da ke raba tallafin karatu na gwamnatin Meziko.

Takardu: fasfo, takardar karɓa daga makaranta, shaidar kuɗin zama, katin rigakafi. Meziko na da ofishin jakadanci a Abuja. Ka tuntuɓe su da wuri. Zaman da bai haura kwana 180 ba bizar baƙo yake buƙata, wanda ya haura kuwa ta ɗalibi. Ka guji tikitin da ya bi ta Amurka, don ko sauya jirgi sai da bizarsu. Akwai jirgin da ke tashi daga Istanbul zuwa birnin Meziko.

Batun masauki shi ne zuciyar tafiyar. Ka nemi ɗaki a gidan iyali, kada ka tare da baƙi 'yan'uwanka. Ranar farko ka zauna da uwar gida, ka gaya mata cikin ladabi abin da ba ka ci. Kalmomi uku za ka haddace: cerdo da puerco, duk alade ne, sai manteca, kitsensa, wanda ake yawan sa wa wake da abincinsu mai suna tamal ba tare da ya nuna ba. Ka kira ta señora, ka yi mata usted, kamar yadda kake ce wa dattijo "ku". Tú na sa'anninka ne. In ta kira ka, amsar gidan ita ce ¿mande? Sannan ka shiga madafa. Kalli yadda ake dafa masara da farar ƙasa har dusarta ta saki, a niƙa, a mulmula, a shimfiɗa a kan kasko ta kumbura ta zama tortiya. Wanda ya girma yana ganin ana jefa kanwa a tukunya zai gane hikimar nan take, kuma sunayen da ka koya a gaban murhu ba sa gudu.

In so samu ne, zangonka ya haɗa da 1 da 2 ga Nuwamba, lokacin da suke tuna mamatansu da furanni da kyandir. Al'adarsu ce, ka kalla da mutunci, ka yi tambaya. Ka tafi da rigar sanyi, domin babban birnin, inda jirgi zai sauke ka, yana kan tudu mai kusan mita 2,240, kuma numfashi kan yi nauyi a kwanakin farko.

Kafin ka juyo, ka zauna jarrabawar tantance iya Sifaniyanci ta SIELE ko DELE, ka karɓi sakamakon makaranta mai hatimi, ka sa a fassara shi zuwa Faransanci domin sashenku.